Garin da Duhu Ya Ƙi Zuwa

Mutanen gida ba sa yarda idan na ce musu Riyad tana sanyi. Tana yi kuwa, irin mai shiga ƙashi, kuma a irin wannan lokacin ne kakarmu Inna Yalwa, mahaifiyar Abba, take zuwa mana daga Funtuwa ta yi wata uku. Muna zaune a unguwar Shumaisi a lokacin, a hawa na biyu na wani tsohon gini, ba nisa da asibitin da Abba yake aikin likita. Ina da shekara tara. Ƙanena Sadiƙ yana da shida, kuma Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa.

Inna ba ta son hita, na'urar ɗumama ɗaki. Cewa take ita ba ta iya jin ɗumin wutar da ba ta gani da idonta. Don haka Umma ta samo mata kasko, ake sayo gawayi a baƙala, ɗan kantin bakin titi. Da an idar da sallar magariba sai mu hau saman bene, mu shimfiɗa darduma a bayan tankin ruwa inda iska ba ta kaiwa. Inna ta hura wuta, ta binne dankalin da Abba yake sayowa a kasuwar Aziziya ranar Juma'a, ta ja mayafinta har goshi. Daga nan zuwa kiran isha'i lokacinmu ne.

Abba bai taɓa zama da mu ba. Yawanci aikin yamma yake yi, kuma ko yana gida ba zai hau ba, domin shi ne ɗan farinta. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. “Likita” take cewa, ko “mutumin nan”. Idan ya durƙusa gaishe ta da safe, bango take kallo tana amsawa.

Ta ba mu tatsuniyoyi da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta kama da sauran. Babu dodo a cikinta, babu dabba mai magana. Duk da haka ita muka fi roƙo.

“To, ga ta nan tafe, ku matsa mata,” in ji Inna.

“Mun matsa, ta zauna,” mu amsa.

Wai wata tsohuwa ce, ɗanta ya yi karatu a wani gari can ƙarshen duniya. Bayan ya dawo ya yi aure ya haihu, sai ya ce lallai sai ya kai ta ta ga garin. Ya ce akwai gidan sarki mai ɗakunan da ba sa ƙirguwa, akwai lambun da ruwa ke tsalle daga bakin gumakan zinariya. Tsohuwa ta ɗaure yajinta da kukarta da zannuwanta masu kyau, suka hau jirgi.

“Da suka sauka,” in ji Inna, “akwatin kowa ya fito yana zagayawa, ban da na tsohuwa. Shi ya ga garin tun daga sama ya ce a'a, ya wuce abinsa.”

Nan mukan fara dariya. Sai ta jero mana abin da ya biyo baya, tana ƙirgawa da ɗan tsinken da take tona wuta. Ruwan sama kwana uku ba ƙaƙƙautawa, ga tsohuwa da zane ɗaya. Ɗan ya sayo mata wata ƙatuwar riga mai nauyin ɗan maraƙi. Suka je gidan sarki, suka tarar an lulluɓe shi da raga ana gyara. Suka je bakin kogi don su hau jirgin ruwa zuwa lambun zinariya, aka ce iska ta yi yawa, babu tafiya. Aka kawo mata miya ja wur, an ɗora mata kindirmo a ka, ta ɗanɗana ta ajiye cokali. Ta yi wa mata sallama a hanya, babu wadda ta amsa, sai kallo. Har aka kai ta wajen wata matakala mai tafiya da kanta, tana gangarawa cikin ƙasa ba a ganin ƙarshenta, wai jirgin ƙasa yana can ciki.

“Tsohuwa ta ja da baya ta ce, shiga ƙarƙashin ƙasa sai ranar da aka ɗauke ni aka kai ni. Da ƙafata dai, a'a.”

Daga nan muryarta takan sauka. Mun san wajen, sai mu daina taunar dankali.

Wai kullum gajiya takan kwantar da tsohuwa da wuri, ta yi sallolinta a lokacin da ɗan ya duba agogo ya ce ya yi. Amma ranar da za su yi kwanan ƙarshe hadari ya washe, sai ta ce yau da idonta za ta ga lokaci. Ta jira rana, rana ta yi ta jan ƙafa har sai da mutane suka fara barci sannan ta faɗi. Tsohuwa ta yi magariba, ta zauna bakin taga da carbinta tana jiran jan sama ya ɓace ta yi isha'i. Ta ja carbi ta sake ja. Jan nan yana nan. Ta ga allura a kan tebur, ta ɗauka ta zura mata zare ba fitila. Sai tsoro ya kama ta, ta tashi ɗanta ta ce ya kai ta bakin ruwa.

“Suna isa, sai ga gada, ƙatuwar gada ta ƙarfe da motoci ke bi, ta rabe biyu ta ɗaga hannuwanta sama kamar mai addu'a. Jiragen ruwa suka bi ta ƙarƙashi shiru-shiru. Sama kuwa ba dare ba ce, ba rana ba ce, kamar an zuba madara a cikin zuma. Jan nan da take jira ya tafi, ashe tafiya yake yi a gefen sama, a hankali, a hankali, har ya zagaya ya zama asuba. Almuru bai tafi ba asuba ta iso. A kan ruwan nan suka gaisa, tsohuwa tana kallo.”

“Mustahil, ya Inna!” in ji Sadiƙ, kullum a daidai nan.

“Me ya ce?” ta tambaye ni.

“Wai ba zai yiwu ba.”

“Gaya masa ita ma tsohuwar haka ta ce, har sai da ta gani.”

Wai sai tsohuwa ta tambayi ɗanta ko haka garin yake kullum. Ya ce a'a, idan sanyi ya zo juyawa abin yake yi, rana ta leƙo kaɗan ta koma, mutum ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu wata da watanni. Tsohuwa ta shiga lissafi. Shekara bakwai yaron nan ya yi a nan. Ya sha jar miyar nan, ya yi sallama ba a amsa ba, ya shiga ramin nan ya fita kullum, kuma ko sau ɗaya bai rubuto mata cewa yana shan wuya ba. Ya dawo da sallarsa, ya dawo da harshensa.

“Sai ta ce a ranta, na zo ganin gidan sarki an rufe, ashe abu biyu Allah Ya kawo ni in gani: ikonSa a sama, da irin ɗan da Ya ba ni a ƙasa. Amma ba ta faɗa masa ba. Ai ba a faɗa. Iyakarta ke nan, ku tono dankalinku kafin ya ƙone.”

Na girma ina ɗaukar wannan a matsayin tatsuniya kawai. A makaranta an koya mana yadda duniya ta karkata, na gane akwai irin wannan garin, amma ban taɓa haɗa shi da Inna ba, matar da ko lif ɗin hawa bene ba ta yarda ta shiga. Ta rasu ina jami'a. Na gama, na fara aiki a kantin magani, na yi aure muka zauna a unguwar Badi'a, nan Riyad.

Bara Abba ya ajiye aiki, za su koma gida gaba ɗaya shi da Umma. Wata ranar Asabar da hantsi na je taya su haɗa kaya. A cikin wani tsohon littafinsa na likitanci mai rubutun Rashanci sai hoto ya faɗo. Inna ce tsaye a bakin wani kogi, cikin wata ƙatuwar riga baƙa har idon sawu, zanenta na leƙowa ta ƙasa, fuskar nan a ɗaure. A bayanta gada ce a ɗage.

Sai da na zauna a kan kwali.

“Abba, ina ne nan?”

Ya karɓa ya duba, ya yi ajiyar zuciya. “St. Petersburg. Inda na yi karatu. Kina jaririya na kai ta.” Ya juya hoton a hannunsa. “Babban kuskuren da na yi ke nan. Na so in nuna mata wani abu mai kyau sau ɗaya a rayuwarta, komai ya lalace. Kaya suka ɓata, ruwa ya hana mu fita, duk inda muka je a rufe. Kwana shida burodi da shayi kawai ta ci. Daren ƙarshe ta sa na kai ta bakin kogi, ta tsaya fiye da awa ɗaya ba ta ce uffan ba, sannan ta ce mu koma. Har ta bar duniya ba ta taɓa tayar min da zancen ba. Na san na wahalar da ita, ta dai rufa min asiri ne.”

Na dube shi, dattijo mai furfura da ya yi shekara talatin yana duba marasa lafiya, yana riƙe da hoton kamar yaron da ya fasa tulu. Sai na gane bai taɓa jin labarin ba. A saman kansa aka yi ta ba da shi, shekara da shekaru, yana asibiti ko yana ƙasa yana karanta jarida.

Na ce, “Abba, zauna.”

Na ba shi tun daga akwatin da ya ga gari ya wuce. Ya yi dariya a wajen miyar, ya ce wallahi haka aka yi. Da na zo wajen allura da zare ya daina dariya. Na faɗi gadar da ta ɗaga hannu, na faɗi almuru da asuba. Da na kai ga abu biyun da tsohuwa ta ce an kawo ta ta gani, na faɗe su yadda ta faɗa har ƙarshe.

Ina yarinya na zaci darasin shi ne Allah Yana da abubuwan mamaki a inda ba mu sani ba, kuma haka ne. Da na fara girma na ɗauka tana koya mana haƙuri ne idan tafiya ta ƙi daɗi. Sai a ranar nan, a tsakiyar kwalaye, na fahimci cewa ba mu kaɗai take ba labarin ba. Tana da maganar da al'ada ta hana ta faɗa wa ɗan farinta ido da ido, kuma ba ta yarda maganar ta bi ta kabari ba. Sai ta zuba ta a kunnen yara biyu, ta yi ta maimaitawa har ta zauna daram, ta bar wa Allah ranar isarwa. Har yau idan na tuna tsawon hanyar da maganar nan ta bi kafin ta kai ga mai ita, tsigar jikina tashi take.

Abba ya daɗe yana kallon hoton. Umma ta leƙo daga kicin, ta gan mu, ta koma.

“Bilkisu,” ya ce, “da bakinta ta faɗi haka?”

“Da bakinta, Abba. Kowace shekara.”

Ya cire tabarau ya ajiye a kan kwali. “To, koma baya kaɗan,” in ji shi. “Daga inda ta tashe shi daga barci. Kada ki yi sauri.”