Takalmin En'e da Diddigen Kakana

Wanzami yac cire ƙahon daga diddigen kakana, yaz zazzage gudan jini cikin sakaina, yat tofar da yawu nan gefen tabarma. Saukata ke nan daga mashin a Kebbe, ko jaka ban aje ba.

"Amarya, kin iso?" in ji tsohon. "Zo ki ga mugun jinin da ka hana mijinki zuwa masallaci."

"Wane miji? Ni ban auren mai wari."

Yay yi dariya, amma warin da gaske na. Ba wanga ne ƙaho na farko ba. Bayan tsagar da anka yi kwanaki sun liƙa mishi kashin shanu mai ɗumi sun ɗaure da tsumma, wai shi ka jawo dafi. Wurin ya ruɓe, yana ruwa, ƙudaje sun yi mishi rumfa. Ƙanen babana tsaye yana cewa ai tsoho wani abu yat taka a hanyar gona. Nic ce, "Baba ƙarami, in anka bar ƙafar ga haka, yanke ta za a yi."

Washegari munka goya shi a mashin, hanya duk ramu, har asibiti a Tambuwal. Sai da anka wanke gyambon tukuna, ni ina waje ina amai. Daga nan likita yat tambaye shi yadda ciwon yake. Yac ce kamar garwashi, wani lokaci kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafa, kuma ko ya zauna ba shi lafawa. Likita yad danna gefen diddigen ta ciki, ƙasan idon sawu. Tsoho yaz zabura yana salati.

"Baba, ba jini ba ne," in ji likita. "Jijiya ce, ba ta jini ba, wadda ke kai wa ƙafa ji. An matse ta. Wane takalmi kake sawa?"

Nan duk munka dubi juna.

Takalmin ga kowa ya san shi. Shekarar da anka samu 'yancin kai En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta ɗauki kakana aikin allurar shanu, anka ba shi shi. Da shi yat taka daga Tambuwal zuwa rugagen Kebbe zamanin Jihar Arewa, kuma ba ka zama da shi bai faɗa maka ba. Tun sannan in ya yage sai a kai wa baduku. Faci kan faci, ƙasa taya, kowane ɗinki yana ƙara tsuke wajen diddige. Kullum yana shafe shi da man shanu, man ya tsufa a ciki ya haɗu da gumi. In ya cire shi, ɗakin ba ya shiguwa.

Likita yab ba da maganin gyambo da na zafi. Yac ce a samo takalmi mai faɗi da soso a ƙasa, a huta da doguwar tafiya, in ya warke ya riƙa maƙala rawani a tafin ƙafa yana jawowa a hankali. In bai lafa ba a yi allura a wurin, in abin ya ƙi sai tiyata a sakar wa jijiyar hanya. Amma tsohon takalmin, a rabu da shi.

"Ɗan nan, tun ba a haifi ubanka ba nika sa shi," in ji kakana.

Na san halinshi. Ranar da zan koma Sakkwato nis sa takalmin a leda a gabanshi, yana zagina ina tafiya. Cikin mota wata mata ta tambayi direba ko mushe ya ɗauko.

Ƙafar ta warke. Yana zuwa masallaci da kanshi, cikin takalmin soson da yake kira na mata. Amma duk ranar Juma'a sai ya sa an kira ni a waya.

"Amarya, kawo min kayana ko in sake ki."

"Ka sake ni, na huta."

Makon jiya bai yi wasan ba. Yac ce duk abokan aikinshi sun tafi, takalmin kaɗai yar rage mishi, kallo kawai zai riƙa yi. Ban yarda ba, ranar da yas same shi sawa zai yi. Takalmin yana nan bayan ƙofata cikin leda, ƙawayena sun daina zama ɗakina saboda wari. Ku da ke da tsofaffi a gida, in mayar mishi ko in jefa shi masai?