Mai Gadin Garin Su Raman

Assalamu alaikum. Wata tara rabona da rubutu a nan. Masu tambayata a waya duk amsa ɗaya na ba su: lafiya lau. Ƙarya nake yi.

Da fitsari abin ya fara. In tashi da alwala, kafin a tada salla ta karye. Daga baya na ga jini.

Aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoto, aka yanki ɗan nama aka auna. Likita ta ce kansa ce a wata tsoka da ke ƙasan mafitsara, amma ba ta bazu ba. Ta ce, "Wa za mu kira maka?" Na ce babu kowa.

Akwai kowa. Matata ta rasu, amma ina da 'ya guda a Atlanta. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kira. Ta yaya zan buɗe baki in yi mata zancen mafitsarata?

Aka sa mini gashi da na'ura mai ƙona ciwon, Litinin zuwa Juma'a, mako takwas. Daga East Greensboro in hau bas, in sauya wata a tashar Downtown. Sharaɗi ne ka shiga da mafitsara cike, saboda haka sai ka gan mu jere, tsofaffi, kowa da gorar ruwa yana matse ƙafa.

A layin nan na san Raman, Ba'indiye, sa'ana, ciwonmu ɗaya. Bai taɓa zuwa shi kaɗai ba. Yau ɗansa, gobe surukarsa, matarsa kuwa kullum, tana gyara masa kwalar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ni kuma in kau da kai in karanta takardar da ke bango, wadda na riga na haddace.

Matar na da wani ƙullin ƙyalle ruwan ɗorawa a jaka. Raman ya ce kwabo ne a ciki, alkawari ne. A bakin ƙauyensu akwai ɗakin bautar wanda suke kira mai gadin gari. In ya warke, dangi duka za su je su kwance ƙullin a gabansa, sa'an nan su wuce manyan wuraren ziyararsu. Ba a tsallake mai gadi.

Na yi a'uzubillahi a zuciyata. Amma ni ma gadi na yi a ƙasar nan har ƙafafuna suka gaza, ban ga wanda ya hau ko keke ya zo gaishe ni ba.

Ranar gashin ƙarshe akwai ƙararrawar da ake bugawa. Raman ya buga tasa, mutum bakwai suka tafa. Na ƙirga su. Tawa, nas ɗaya ce ta tafa, da fayil a hammatarta.

Gashin ya bar ni da zawo da kasala, wando yana zamewa daga ƙuguna. Bayan wata uku aka sake auna jini, likita ta ce lambar da ke nuna ciwon ta faɗi ƙasa sosai. Alhamdu lillahi. Na fito ban san wa zan gaya wa ba, sai na gaya wa direban bas.

Raman ma ya samu sauƙi, suka tafi Indiya. Sai ga bidiyo a wayata. Dawakin yumɓu manya jere a ƙarƙashin itatuwa, gunki mai gashin baki riƙe da takobi. An aske kan Raman ƙwal, mata na dafa shinkafa a tukunyar ƙasa, ana fasa kwakwa. Da ƙafarsa ta gaji, 'ya'yansa biyu suka ɗaga shi a kujera.

Bautarsu ba ta gabana, ina da Ubangijina. Kujerar nan ce ta tsaya mini a wuya. Na kalle ta ya fi sau ashirin, ban amsa masa ko ɗaya ba. Da ya kira, na kife wayar.

Da ya dawo sai ga shi a ƙofata, ɗansa na jira a mota.

"Malam, na zaci ka mutu."

"Ga ni."

"Na ambaci sunanka a can."

"Ban aike ka ba."

Ya yi dariya, ya zauna ba a ce ya zauna ba. Ya ga hoton 'yata da ke kan talabijin. "Ita wannan, me ta ce da ta ji?"

Na kau da kai daga hoton.

"Ba ta sani ba? Haba, Malam! Mu mai gadin ma sai mun tsallaka teku mun gaya masa da baki. Kai kana jiran 'yarka ta yi duba?"

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Bayan la'asar na kira ta. Na yi ta kewaye-kewaye kafin kalmar ta fito.

"Baba, wata tara? Kullum ina ce maka yaya jiki, kana ce mini lafiya lau!" Sauran faɗan da Turanci ta yi shi, tana kuka. Washegari kafin azahar motarta na ƙofar gida.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitata da nas mai fayil, da direban bas da ya ce mini barka. Raman, jikarka ta sa waya ta fassara maka wannan: na gode, kuma askin bai yi maka kyau ba.

'Yan'uwana tsofaffi, in fitsari ya canza, ku je a auna jini, kada ku jira. Ku sha ruwan da aka ce ku sha. In aka ce wa za a kira, ku ba da lamba.

Har yanzu in na tuna mutum bakwai ɗin nan sai in ji wani abu. Allah Ya yafe mini. Ni mutum ɗaya gare ni. Jibi zan koma awo, ta ce ita za ta riƙe mini gorar ruwan.