Shari'ar Saman Soro

Shekarar korona, da aka rufe makarantu, karatun 'yata ya koma cikin waya. Malamai su turo darasi, su yi tambaya, yara su amsa nan take. Abin da masu wannan dabara ba su sani ba, gidanmu na Limancin Kona ginin ƙasa ne tun na kakanni, bangonsa ya fi ni kauri, ni kuwa ba siririya ba ce. Sabis ba ya ratsa shi. Wuri ɗaya ne tak yake kamawa, saman soron zaure, jikin zankon gabas.

Yarinyar tana shirin jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, in ta faɗi kuwa ba a sake ba ta dama. Babanta dokar hana tafiya ta rutsa da shi a Ikko, sai dai ya bugo waya ya ce in yi haƙuri, shi ma rabin maganar bango ya cinye.

Gidan na gado ne, wan mijina ne babba. Ya yanke hukunci cewa 'ya'yansa maza su hau su yi karatu, amma mace ba ta hawa soro. Na tambaye shi dalili, ya ce tun da aka gina gidan ba a taɓa yi ba. Na ce ai tun da aka gina gidan ma ba a taɓa karatu a waya ba. Ya ce ina da baki. Ina da shi kam.

Aka ce samarin su riƙa hawa da wayata su sauko mata da darasi. Su hau, su cinye mini data a kallon ƙwallo da tattabaru, su sauko suna miƙa wai malam bai turo komai ba yau. 'Yata ta zauna a gindin tsani da littafinta tana kallon sama. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

To, a cikin birni akwai al'ada: duk namijin da zai hau sama sai ya yi shela tukuna, don matan maƙwabta su kimtsa. Da can sai gab da damina ake jin ta, in masu yaɓe sun zo. Yanzu safe da yamma sai ka ji an kwarara, “Mata a shiga ɗaki, za a hau sama!” Maƙwabcinmu, wani dattijo mai ɗinkin hula, matarsa da surukansa su watsar da muciya su ruga ɗaki. Ba su fitowa sai an gama ƙwallo. Ƙaurin tuwonsu har ɗakina.

Wata rana na ji wata lauya a rediyo tana bayani cewa karatu haƙƙin kowane yaro ne, mace da namiji, kuma wanda aka hana yana iya kai ƙara. Na je wajen mai unguwa, ya ce maganar cikin gida ce, ya ba ni goro. Ranar da aka sassauta doka don cefane, na ɗaura takunkumi na wuce kotun alƙali da kwandona a hannu. Magatakarda ya tambaye ni me nake ƙara a kai, na ce soro. Ya ɗauka gado nake nema. Da na yi masa bayani sai ya kama dariya, ya nuna mini benci. Wa zan gani zaune? Dattijon nan mai hula. Shi ma wan mijina ya kawo ƙara, a kan soron nan dai. Ni ina so a ƙara mai hawa, shi yana so kowa ya sauko. Aka haɗa mu rana ɗaya.

Kafin ranar na haddace maganar lauyar nan tsaf. Ina wanke-wanke ina bita, ina tankaɗe ina bita, har kajina sun san haƙƙin ɗan Adam.

Ranar zama wan mijina ya zo cikin babbar riga, ko kallona bai yi ba. Dattijo aka fara ba dama. Bai ce komai a kan doka ba, sai ya kwance wani ƙyalle ya fito da ƙanzon tuwo baƙi ƙirin ya ajiye a gaban alƙali, ya ce abincinsa ke nan tun da aka rufe makaranta, shi da ba haƙora gare shi ba. Na miƙe zan fara nawa jawabin, alƙali ya ɗaga mini hannu, ya juya wajen wan mijina.

“Alhaji, shelar nan don me ake yin ta?”

“Allah ya gafarta Malam, don kada namiji ya hango matan mutane.”

“To in mace ce ta hau, wa za a ɓoye mata?”

Dattijo ya yi zumbur ya ce in yarinyar ce, ta kwana a can ma bai damu ba, ai a bayan matarsa ta yi wayo. Alƙali ya ce a yi sulhu: yarinya ta hau, samari su zauna a ƙasa. Amma ya ce su ma yara ne, ba za a tauye su ba, ita za ta riƙa hawa da wayoyinsu ta sauke musu darasinsu. Shi ke nan aka tashi. Ko kalma ɗaya ta lauyata ban furta ba. Ƙanzo ne ya ci mini shari'a, har yau abin yana ba ni haushi.

Aka ɗaura guga a igiya. Ta hau da safe, ta jingina da zanko, ta zuro wa kowa wayarsa cike da lissafi babu ƙwallo ko ɗaya. Jikokin dattijo ba su da waya, sai ta riƙa karanta darasin da ƙarfi suna rubutawa ta bayan katanga. Unguwa ta koma jin muryarta maimakon shela. Wan mijina ya daina amsa gaisuwata, in mun haɗu a zaure sai ya kama gyaran hula.

Bayan an buɗe gari aka yi jarrabawa. Ranar da aka ce sakamako ya fito, ai dole a hau sama a duba. Na zauna a kan turmi. 'Yata ta kama tsani, tsanin yana rawa. Sai ga wan mijina ya fito daga zaure, ya tattare hannun rigarsa ya riƙe mata tsanin.

Ta hau. Yarinyar da ta cika unguwa da murya ta ƙura wa wayar ido. Matan maƙwabta suna ta tambaya ta bayan katanga. Can sai guga ya sauko a hankali da wayar a ciki, ya tsaya daidai fuskar wan mijina. Ya ɗauka, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya ɗaga kai ya kwarara da muryar da ban san yana da ita ba:

“Mata a fito! 'Yata ta ci!”