Hancin Na'iya Wanzami

Duk wanda ya yi wayo a Tambuwal a shekarun da sojoji suka komo daga yaƙin Bama ya san Na'iya Wanzami, ko bai san fuskarsa ba ya ji labarin hancinsa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya rabo da zabira a hammata. Aski yana yi, ƙaho yana yi, kamar kowane wanzami, amma abin da ya kai sunansa Jabo da Sanyinna har Kebbe shi ne ciwon hanci. Ba murar kwana uku ba, a'a, irin wadda ke toshe hanci wata da watanni, ta tare a goshi da ƙarƙashin ido, mutum ya riƙa jin kamar dutsen niƙa aka ɗora masa a fuska.

Wurin ubansa Sambo ya gaji aikin, amma hancin kyauta ce daga Allah. Yana zaune a zaure zai gaya maka miyar da ake kaɗawa a gida na uku. Matarsa Kulu ta daina ƙoƙarin rage daddawa a ɓoye tun tana amarya, don tun daga bakin ƙofa yake fara mita. Da hancin nan yake haɗa magani. Ba ya awo da komai, sai dai ya zuba tazargade da kanumfari da citta a ƙoƙon da Sambo ya bar masa, ya sansana, ya ƙara wannan, ya rage wancan, har ya ji abin ya zauna. Da shi kuma yake gane ciwo. Majinar mara lafiya ma sai ya sa an fyace ta a ganye ya kai hanci, ya faɗi ko sanyi ne kawai ko kuwa ciki ya fara ruɓa.

Sai dai babbar alamarsa sujada ce. Sambo ya koya masa cewa mai wannan ciwo ba ya iya ɓoye shi a salla, domin da zarar goshi ya nufi ƙasa sai nauyin ya zubo gaba, mutum ya ɗago a hankali yana runtse ido. Saboda haka Na'iya ba ya tsayawa sahun gaba. Can baya yake laɓewa, kuma masu tsokana suna cewa sallarsa rabi ta Allah ce, rabi ta neman marasa lafiya. Ana sallamewa zai matso kusa da mutum ya tambaye shi kwana nawa ke nan, mutumin ya yi sororo don bai gaya wa kowa ba. Daga nan sai zaure: a ƙwanƙwasa ƙashin kunci da ɗan yatsa, a dafa ganyen ɗoɗɗoya da na lemo, a lulluɓe mutum da gwado ya yi surace har gumi ya jiƙa shi, a ba shi garin shaƙe ya yi ta atishawa.

Yana da ƙane, Abdu, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da aka ce kowace unguwa ta ba da yaro makarantar boko, Sambo ya dubi 'ya'yansa biyu ya ba da Abdu, don hannunsa na rawa in ya riƙe aska. Na'iya ya yi shekaru yana jin daɗin wannan zaɓi, shi aka riƙe, wancan aka yar. To, wanda aka yar ɗin ne ya komo bayan shekara ashirin da wani abu, da kayan kaki da keke, an ba shi sabon ɗakin magani na En'e, mutane suna ce masa Malam Abdu.

Da farko Na'iya bai damu ba. Masu gyambo su tafi, masu son allura su tafi, shi dai a bar masa hanci. Ranar da abin ya soke shi ita ce ranar da ya ga Ɗangiwa, wani mai jakai na Kebbe da ya shekara bakwai yana zuwa zaurensa duk bayan kaka, ya wuce ta ƙofar gidan da kai a sunkuye, ya nufi ɗakin magani. Da yamma kunya ta dawo da shi gaisuwa, kuma da yake mutum ne marar dabara sai ya kwashe labari duka. Ya ce Malam Abdu ya tambaye shi ko yana jin nauyi in ya yi sujada, ya ƙwanƙwasa masa kunci, sannan ya zuba tafasasshen ruwa a farar tasa, ya ɗiga wani abu daga kwalba, ya rufe shi da tawul. Ya ce lallai maganin Nasara daban ne.

Na'iya ya daɗe yana wasa askar da ba ta bukatar washi, sannan ya ce, "Wanga ai suracen Baba na. Tawul kaɗai anka ƙara mai."

Daga ranar kishi ya shige shi, kuma bai sake fita ba. Ƙarar ƙararrawar keke ma ɓata masa rai take yi. In ya ga layin mutane a gindin itacen bedi na ɗakin magani sai ya ƙirga nasa a ciki. Abin da ya fi ƙona shi shi ne Abdu bai taɓa ba shi dalilin faɗa ba. Kowace safiya zai jingine keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye goro. Yana kuma gaya wa kowa cewa alamar sujada wurin Baba da Yaya ya koye ta, sai dai mutane ba sa ɗaukar wannan ɓangaren su kai kasuwa. Na'iya har ladabin yake jin haushi, yana ganin shi ma wata hanya ce ta fin sa. A ƙarshe ya daina fitowa amsa gaisuwar, ya kuma kafa doka a gidansa cewa kada a ƙara ambaton sunan Abdu. Kulu ta ce to.

Shekara uku ana haka, sai wani haƙorinsa na tauna, na sama a hagu, ya fara ciwo. Ya cusa masa kanumfari ya lafa, ya manta da shi. Bayan an gama sussuka sai kuncin hagu ya yi nauyi, ƙofar hanci ɗaya ta toshe, majina mai kauri ta fara zuba. Ranar wata Talata da la'asar ya kai goshi ƙasa, ya ji kamar fuskarsa za ta zube a kan buzu. Bai bukaci kowa ya gaya masa ba.

Ya yi surace safe da yamma. Ya yi shaƙe. Da bai ga sauƙi ba ya ninka garin, ya ƙara jar kanwa, ya ƙara barkono, abin da bai taɓa ba wani ba, yana shaƙa har jini ya biyo. Kulu ta karya doka sau ɗaya, ta ce ya je wurin ƙanensa mana, ai ba bare ba ne. Ya dube ta da jan ido, ya ce ranar da aka ga Na'iya a layin tawul, ranar ya ajiye zabira. Ba ciwon ne ya fi tsorata shi ba. Tsoronsa a ce a Tambuwal mai maganin hanci ya kasa da nasa, ƙanensa ya gyara.

Ya koma salla a gida, don ya san abin da sahu ke tonawa. Da aka fara tambayar ko lafiya, sai ya ɗaura wa jaki akumari ya ce an kira shi askin suna a Kebbe. Nufinsa ya ɓuya can har abin ya wuce. Kwana biyu ya yi a hanya, kowane taku na jakin yana jinsa a ƙashin kunci, ya sauka gidan Ɗangiwa, wanda ya karɓe shi hannu biyu-biyu don har yanzu yana jin nauyinsa.

Juma'a ta zo, kuma baƙo ba ya ƙin bin mai masaukinsa masallaci. Na'iya ya zaɓi sahun ƙarshe a waje, gindin wata tsamiya. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɗago daga sujada kamar kowa, amma jiki ya ƙi, sai da ya dafa ƙasa ya taso a hankali, ido a runtse. Ana sallamewa ya ji an matso ta bayansa, an durƙusa.

"Yaya, kwana nawa ke nan?"

Abdu ne. Kwana biyar ke nan yana Kebbe rangadin lambar agana. Kowa a Tambuwal ya san da tafiyar, har Kulu, ban da mutumin da ya hana a ambaci sunansa a gabansa.

"Mi kag gani?" in ji Na'iya, yana kakkaɓe goshi.

"Abin da kak koya min. Tun raka'a ta farko."

Da yana da ƙarfin tashi ya yi fushi da ya yi. Amma zazzaɓi ya riga ya ci ƙarfinsa, sai ya bi ƙanensa zuwa zauren Ɗangiwa kamar akuyar da aka ja da igiya. Abdu ya kori 'yan kallo, ya saki asabari. Ya ƙwanƙwasa kuncin dama, shiru. Ya taɓa na hagu, Na'iya ya cije leɓe. Ya tambaya ko ƙofa ɗaya ce ke zuba, aka ce ɗaya ce. Sai ya ce a buɗe baki, ya haska da ɗan madubi, ya taɓa haƙorin nan da ƙarfe, Na'iya ya zabura. Abdu ya yi masa bayani a hankali, yana kallon ƙasa kamar mai ba da haƙuri, cewa saiwar haƙorin ce ta ruɓe ta huda zuwa kogon da ke cikin kunci, shi ya sa surace bai kai wurin ba. Na'iya ya ji bayanin ya shiga, kuma ya ji haushin shigarsa, domin Sambo bai taɓa faɗin wannan ba.

Aka cire haƙorin a nan zauren. Mugunya ta biyo, Abdu ya tare da tsumma, ya ɗan kau da kai ba da niyya ba. Na'iya ya lura.

"Wari shikai?"

Abdu ya dube shi. "Yaya, ba ka ji?"

Bai ji ba. Sai a lokacin ya tuna ya fi kwana ashirin bai yi wa Kulu mitar daddawa ba. Ya ɗauka toshewa ce kawai. Abdu ya leƙa cikin hancin ya ga yadda kanwa da barkono suka ƙone shi, ya fara cewa da an zo tun watan jiya, sai ya haɗiye sauran. Ya wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi, ya ba shi ƙwayoyi farare, ya ce jin ƙamshi yakan dawo, wani lokaci kuma ba ya dawowa.

Ciwon ya warke cikin mako biyu. Na'iya ya koma Tambuwal ya koma sahunsa na baya, yana sujada kamar saurayi. Abdu bai gaya wa kowa ba, Ɗangiwa kuma an ja masa kunne, saboda haka sunan da aka yi duk wannan wahala dominsa bai taɓu ba. Har yau akwai tsofaffin da za su rantse maka Na'iya bai taɓa shan maganin Nasara ba. Hancin ne dai bai dawo ba. Damina ta sauka bai ji ƙamshin ƙasa ba. Kulu ta ƙona miya da gangan wata rana, ta tsaya bakin ƙofa tana jira, ya shigo ya wuce ta bai ce komai ba, ta koma madafa ta yi kuka.

Ranar da garin shaƙe ya ƙare ya zauna da ƙoƙo a gaba tun hantsi har azahar. Ya zuba, ya sansana, ya zubar. Bai san awo ba, bai taɓa bukatarsa ba. Washegari da Abdu ya jingine keke ya yi sallama, sai ya tarar da yayansa a zaure, karo na farko cikin shekara uku. Bayan gaisuwa Na'iya ya tura masa ƙoƙon da ƙafa, yana kallon bango. Abdu ya ɗauka ya kai hanci, ya ce citta ta yi kaɗan. Aka ƙara. Ya sake sansanawa, ya ce ya zauna.

Haka suka yi shekara goma sha ɗaya, har Na'iya ya rasu ana saura kaɗan Turawa su tafi. Kada wani ya ce maka kishin ya warke, wuri kawai ya sake. Ya daina ƙirga mutanen gindin bedi, ya daina jin haushin keke. Abin da yake kallo yanzu shi ne ƙofofin hancin ƙanensa, yadda suke buɗewa a kan ƙoƙon Sambo suna jan abin da shi ba zai ƙara ji ba. Kuma duk ranar da Abdu ya ce ya zauna, sai Na'iya ya ɗebi ɗan kanumfari da yatsu biyu ya ƙara, don kada a ce maganar Abdu ce ta ƙarshe.

Kulu ce ta ba da sauran labarin bayan rasuwarsa. Ta ce in ƙarar keken ta yi nisa, yakan waiga ya tabbata ba kowa, ya tusa fuskarsa duka cikin ƙoƙon, ya ja numfashi har kafaɗunsa su ɗaga. Yakan daɗe a haka. Sannan ya rufe da faifai, ya kira mara lafiya na farko.