Shekara Goma Sha Ukun da Muka Cire wa Baba

Masu tambayata hotunan Malesiya ku yi haƙuri, ga labarin dai. Hotunan kam ni kaina ba na son kallonsu.

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu da ke gefen Maruta, ni da mahaifina. Ƙanena ne ya gama digiri na biyu a can, aka ba shi damar gayyatar mutum biyu zuwa bikin yaye ɗalibai. Inna ta ce ita ko Kano sai da dalili, don haka kujerar ta faɗo kaina. Daga Gwaram zuwa Birnin Kudu direba ya loda mu kamar buhunan gero, kuɗin mota kuma ya kusa ninka na bara. Na biya wa Baba kujera biyu a gaba saboda ciwon gwiwarsa, ya yi ta faɗa wai almubazzaranci ne, amma bai sauka ba. A tashar Birnin Kudu muka karya da shayi da ƙosai, muka bi ta Wudil sai Kano.

Zaman jirgi ya kusa cinye mana kwana guda, Baba bai bar ni na runtsa ba da tambayar alƙibla. Ƙasar kuwa kore shar, kusan kullum bayan azahar sai an sheƙa ruwa. Baba ya tsaya a taga yana tsaki, wai ruwan da ake zubarwa a kan kwalta, da a gonarsa ya sauka da bana ya huta. Abinci shinkafa ce safe, rana da yamma, an dafa da madarar kwakwa, miya kuma har da sukari. Ba don yaji da ƙuli-ƙulin da Inna ta cusa mana a jaka ba, da mun dawo a rame.

Abin da ya fi burge shi shi ne yadda suke ji da tsoho. A jirgin ƙasa kujerar tsofaffi daban take, matasa na ganin furfurarsa suke miƙewa. Wuraren yawon buɗe ido da yawa suna da rangwame ga wanda ya kai sittin. Tun da nake ban taɓa ganin Baba yana tafiya yana buɗa kafaɗa irin na kwanakin nan ba.

Buri ɗaya ya kai shi, bayan bikin. Ƙanena ya taɓa turo masa hoton wani ƙaramin masallaci a kan dutse, teku na shimfiɗe a ƙasa. Tun ranar Baba ya yi alwashin in yaron ya gama lafiya, a nan zai yi raka'a biyu na godiya. Duk wanda ya zo yi masa sallama a gida sai da ya gaya masa.

Washegarin bikin muka shiga bas, awa biyar zuwa gindin dutsen. Ana hawansa ne da wani ɗan jirgin ƙasa da igiyar ƙarfe ke ja. Ashe ranar hutu ce, layi ya yi lanƙwasa har waje, aka ce sai an yi kusan awa biyu a tsaye. Tikitin gaggawa ya ƙare. Muna cikin shawara wata ma'aikaciya mai ɗankwali ta hango Baba, ta zo da fara'a ta ja mu layin tsofaffi: ga kujeru, ga rangwame, ba jira. Ta ce a kawo fasfo.

Ni kam na san abin da ke cikinsa. Shekarun Baba saba'in. Fasfonsa hamsin da bakwai ya ce.

Baba masinja ne a wani ofishin gwamnati. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, saura masa shekara guda ya yi ritaya, ni ba aiki, ƙanena kuma ya samu gurbin jami'a. Aka zo sabunta fayil ɗin ma'aikata. Ni na zauna na lallashe shi, na ce Baba kowa ma haka yake yi. Ni na kai shi wurin mai buga takardu a bakin kotu, aka yi takardar rantsuwa, aka cire shekara goma sha uku. Daga nan katin ɗan ƙasa ya bi ta, banki ya bi ta, fasfo ma dole ya bi ta.

Matar ta dubi fasfo, ta dubi gemun Baba, ta sake duban fasfo. Ta ba da haƙuri da gaske, ta ce na'ura ba za ta fitar da tikitin ba sai sittin. Ƙanena ya hau roƙo da yarensu, yana nuna mata sandar Baba. Ni kuma har na fara ɗaga murya, wai ba ta da ido ne? Baba ya riƙe mini hannu.

"Me ta ce?"

Ƙanena ya fassara masa.

"To ku ƙyale 'yar mutane. Abin da na rantse a kai shi ta karanta."

Ya ce a shiga layin kowa da kowa. Ya yi rabin awa a tsaye yana dogara sanda, gumi ya jiƙa masa riga, ƙafar ta fara rawa. Muna kallo mutanen da ya girme su nesa ba kusa ba suna wucewa ta ɗaya layin da sandunansu masu sheƙi. Daga ƙarshe ya zame ya zauna a kan dakalin furanni, ya ce mu hau mu ɗauko masa hoto. Muka ƙi, ya rantse sai mun hau. Raka'o'insa a ɗakin sallar da ke kusa da wurin ajiye motoci ya yi su, a zaune. Mu da ba mu yi alwashin komai ba mu muka ga masallacin. Haushin kaina ya hana ni ganin kyan tekun.

A dawowa bai ƙara buɗa kafaɗa ba. Da muka iso gida mutane suka cika zaure, kowa sai ya tambayi masallacin kan dutse, shi kuma ya ce, "Yara sun gani."

Abin da tafiyar nan ta koya mini mai ɗaci ne. Na ji haushin ƙasar da tsoho ke tsoron ritaya fiye da ciwo, har ya gwammace ya rantse a kan ƙarya. Amma ba ƙasa ce ta kama hannunsa zuwa bakin kotu ba, ni ne.

Ranar Litinin da safe na same shi yana ɗaure gwiwa da tsumma, ɗan acaɓa na jiransa zuwa wurin aiki a Gwaram, hutunsa ya ƙare. Saura masa shekara uku a takarda. Na durƙusa na ce, "Baba, mu je a gyara shekarun nan ka huta. Ni da ƙanena za mu riƙe gidan."

Ya ce in aka gyara za a ce ya dawo da albashin shekara goma, fansho kuma ya tafi. Ya ɗauki sandarsa, ba faɗa ba fushi, ya ce, "Shekarun nan na riga na sayar, ɗana. Ku kuka ci kuɗin."