Finjalin Moza

A garin Sur na bakin teku, jirgin ruwan fatake ba ya barin gaɓa sai Moza ta kurɓi ruwan shansa. Mace ba ta taka jirgi, saboda haka in an cika tankin katako da ruwa, ya kwana uku, sai a ɗebo a finjali a kai mata inda take zaune tana ɗura dabino a buhunan kaba. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tofar. In ta ce a tafi, a tafi. In ta yamutsa fuska, to katako ya tsage, ruwan teku na shiga, sai a sauke tanki a sake liƙe shi.

Ba gadon abin ta yi ba. Ƙishirwa ce ta kashe mijinta a hanyar Zanzibar, ga tanki cike amma duk ya koma gishiri. Tun daga nan ta ɗauki wannan aiki. Shekara talatin maza na gunaguni, ka san halinsu, amma ba a sami mai ƙarfin halin tsallake ta ba.

Wata shekara iskar tafiya ta taso, jirgin Hamis, ƙanin mijinta, ya gama lodi. Ɗanta tilo, Saifu, yana cikin matuƙan. Hamis da kansa ya kawo finjalin.

"Uwar Saifu, kurɓi ki sallame mu. Iska ba ta jiran tsofaffi."

"Da ba ta jira, ai da tun bara ta bar ka, mai furfurar banza."

Ta kurɓa, ba ta ji komai ba. Tun zazzaɓin da ta yi da bazara harshenta ya daina aiki, gahawa ma ruwan zafi take jin ta, kuma ba wanda ta gaya wa. Tsoro ya kama ta. In ta ce a tafi, ba mai ganewa. In ta faɗi gaskiya, shi ke nan, finjali ya bar hannunta. Ta hango Saifu a kan jirgi yana naɗe igiya.

"Hamis, harshena ya mutu."

"Haba, bar wasa!"

"Ka taɓa ganin na yi wasa da ruwa?"

Ta kira Zuwaina, matar Saifu, wadda ta daɗe tana taya ta ɗurin dabino. "Kurɓi, 'yata. Kada ki haɗiye, bar shi ya kai gefen harshe."

Zuwaina ta tofar. "Inna, akwai gishiri. Kaɗan ne, amma akwai."

"Oho, yanzu kun zama biyu ke nan," in ji Hamis. Duk da haka ya sa aka sauke tankin. A katakon ƙasa aka sami tsaga kamar silin gashi. Sun makara kwana huɗu.

Da shekara ta zagayo, aka bi ta gaban Moza da finjali aka miƙa wa Zuwaina. Abin ya yi wa Moza ciwo, ba ta kuwa ɓoye ba, har sai da ta share ido da gefen mayafi. Amma wanda ya ɗauko finjalin, Saifu ne, da ransa da lafiyarsa.