Binnen Gwaggo

Na dawo gida a shekara ta biyu ta fari, da takardar karatun aikin gona a jaka, kuma ban yarda da binne ba. Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe, a jira. Inda na yi karatu sun ce caca ce: yayyafi ya taɓa iri ya tsiro, sama ta ɗauke, shi ke nan an yi asara. Har yau ban ce sun yi ƙarya ba. Amma ga abin da Gwaggo, yayar mahaifina, ta yi.

Tun rasuwar mijinta ita ke noma gonarsa. Tana zaune da ɗanta, wanda kowa ke kira Tela, da matarsa da 'ya'yansu huɗu. A shekarar keken ɗinkin Tela ya yi shiru, ba mai kawo ko faci. Rijiyar unguwa ta koma ba da laka. Gwaggo ta daɗe da komawa taimama, ruwan butarta kuwa jikoki take ba wa.

Irin geronta na cikin tulu a ƙarƙashin gado, gauraye da toka saboda ƙwari, an liƙe bakin da laka. Kwano uku ne. Ranar da rumbu ya ƙare ƙaf, Tela ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya fito fili: a fasa tulun a niƙa, ko kwana goma a samu. Tana jin kukan ƙaramar jikarta daga tsakar gida. Ta jawo tulun ta buɗe bakinsa. Sannan ta auna kwano ɗaya ta miƙa masa, ta ce sauran biyun gobe za su gona.

"Inna, gawa ake binnewa, ba abinci ba," in ji shi.

"In muka cinye shi, baɗi mu za a binne," in ji ta.

Washegari bayan asuba ta saɓa sungumi ta fita. Layi ɗaya ta sara sama-sama yadda kowa ke yi, na kusa da shi ta sara sau biyu, rami mai zurfi, ta take da dunduniya. Haka ta bi gonar, leɓenta na motsi da bisimilla a kan kowane rami. Maƙwabcinta na gona ya tambaye ta ko rijiya take haƙa wa geron. Ta ce in ya ga ruwa a ciki ya kawo guga.

Bayan kwana tara aka yi yayyafi. Unguwa ta ruɗe da murna. Gwaggo ta je gona ta soka yatsa a ƙasa, ta ji laimar ba ta wuce gaɓar farko ba, ta dawo gida. Layukan sama suka tsiro kore shar, bayan mako guda rana ta ƙone su. Tela bai fasa gaishe ta ba, amma ya daina ɗaga kai ya dube ta. Surukarta na dafa ganye zalla ba gari. Wannan ne ya fi ci wa Gwaggo rai, don ta san kwano guda ke nan ta cire daga bakin yaran nan ta ba rana.

Duk da haka kullum tana gona tana korar tsuntsaye. Wata rana zuciyarta ta kasa, ta tone rami ɗaya daga masu zurfin. Ga ƙwayoyin nan a bushe yadda ta bar su, yayyafin bai kai gare su ba. Ta ƙirga su, bakwai, ta mayar ta rufe.

Sai rana ta ashirin da shida, ana shirin sallar azahar, sama ta ɓarke da ruwa na gaske. Bayan kwana huɗu gero ya keto ƙasa, layi ɗaya kore, layi ɗaya wayam, har ƙarshen gona. Waɗanda suka cinye irinsu suka zo suka tsaya a kan iyaka suna kallo. Ni ma ina tsaye a wurin. Da lokacin cira ya yi, ta rage tsiron da ya cunkushe, ba ta zubar da ko ɗaya ba, ta raba musu suka kai gonakinsu suka dasa. Tela ne ya riƙa ɗaukar musu a ka.

A ranar na same ta a gindin wata bishiya tana goge laka a ƙafa. Na ce, "Gwaggo, da ma kin san ruwa na biyu zai zo?"

"Ina zan sani, ɗan nan? Wannan na Allah ne. Ni dai kunya nake ji ya aiko da shi, ya zo ya tarar ban ajiye masa komai ba."